Bayan ruwan Alau: me zai sa gari ya tsaya da ƙafarsa idan masifa ta zo?

Dan_Gwange:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da yake cin raina tun da hadari ya fara haɗowa bana, na ce bari in kawo shi nan mu tattauna. Ni a Gwange nake cikin Maiduguri, ina cikin waɗanda ruwan dam ɗin Alau ya ci a daren 9 ga Satumba wayewar Talata 10 ga wata, 2024. Cikin dare maƙwabcina ya dinga dukan ƙofata, kafin in gama tashin yara ruwa ya kai min gwiwa a tsakar gida. Ƙaramar 'yata a bahon wanki na saka ta na ɗora a kai, uwarta na riƙe da bayan rigata, sauran biyun suna riƙe da ita, haka muka dinga laluben hanya cikin duhu ba mu san inda kwata take ba. Keken ɗinkin matata, takardun makarantar yara, buhun masara biyu da na saya don gudun tsada, duk sun tafi.

Alhamdulillah mun tsira da rai. Amma abin da ya fi damuna shi ne a 1994 ma ruwan nan ya ci garin, mahaifina ya sha ba mu labari, shekara 30 cif ya dawo ya same mu yadda ya bar mu, sai ma ƙaruwa da muka yi a bakin kogin Ngadda. Kuma ba ruwa kaɗai ba, mun ga lokacin da aka fasa turakun wuta a 2021 garin ya daɗe cikin duhu. Toh tambayata ita ce, me ya kamata gari irin namu, ko Kano ko Yamai ko ma wanne ne, ya tanada tun ana zaune lafiya? Ba zagin kowa nake so a yi ba, ina so in ji abin da zai yiwu da gaske.

Ummu_Hanifa:
Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri ɗan uwa. Wallahi da na zo wajen bahon nan sai da na ajiye wayar.

Baffa_Sumaila:
Allah ya kiyaye gaba. Amma ni a ganina amsar a bayyane take, a gyara dam. Tun wajen 1986 aka gama gina shi, abu ya yi kusan shekara 40 yana riƙe ruwa dole ya buƙaci kulawa. Mu ma a Kano dam ɗin Bagauda ya taɓa ɓallewa a 1988. In aka kula da madatsun ruwa rabin matsalar ta tafi. Na ji gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina na Alau ɗin, sai mu yi fatan a yi aikin da tsoron Allah.

InjiniyaTukur:
Baffa gaskiya ka faɗa amma ba ta cika ba. Mokwa ta jihar Neja fa? Ranar 29 ga Mayu 2025 ruwa ya shafe Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, sama da mutum 150 suka rasu, kuma ruwan sama ne na dare ɗaya da ya rasa hanyar wucewa. Kantin Kwari da ruwa ya shiga a 2022 ya lalata atamfofi da shaddoji na maƙudan kuɗi, wane dam ne ya fashe?

Bari in ɗan yi bayani don aikina ne. Ruwan sama in ya sauka hanya uku gare shi, ko ƙasa ta shanye, ko ya taru a wani wuri ya jira, ko ya gangara. Mutanen da sun san haka ko da ba su karanta a littafi ba. Cikin birnin Kano a da cike yake da kududdufai, inda aka haƙi ƙasa aka yi ginin gidaje da ganuwa nan ne ruwan damina yake taruwa, ya kwana ya huce sannan ya tsiyaya a hankali zuwa Jakara, wani kuma ya sauka ƙasa ya ciyar da rijiyoyin unguwa. Yanzu ku zagaya ku ƙirga nawa suka rage. An cike su da shara an yanka fuloti an yi shaguna. Tsakar gida da take ƙasa mun shafe ta da siminti, ƙofar gida mun shimfiɗa intalok, kowa ya saka bututu ya turo ruwansa kan layi. Ruwan da a da zai ɗauki kwana biyu kafin ya isa kwari yanzu cikin minti talatin yake isa, gaba ɗaya, kuma kwalbatin da ke jiransa an yi ta ne tun garin bai kai rabin haka ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuma, wannan simintin da ke kawo ambaliya da damina shi ne yake kawo ƙishirwa da rani, don ruwan bai sauka ƙasa ba. Shi ya sa rijiyar da kakanka ya haƙa da hannu ta ƙafe, kai kuma kana haƙa burtsatse kana ƙara zurfi duk bayan 'yan shekaru.

Sadiya_Kurna:
Wallahi Injiniya kamar ka san gidanmu. Rijiyarmu tun ina yarinya gaba biyu ka saki igiya ka taɓa ruwa, yanzu ta zama wurin ajiye tarkace. Kullum sai mun jira 'yan garuwa, ran da babu wuta kuma jarka ta ninka kuɗi don masu burtsatsen da janareto suke tayarwa.

Abu_Sudais:
Ni dai ina ganin muna yawan bincike. Ambaliya jarrabawa ce daga Allah, abin da ya rubuta babu dam ɗin da zai tare shi. Mu koma ga Allah mu yawaita istigfari.

MalamNaTsangaya:
Abu_Sudais, Allah ya saka da alheri da tunatarwa, istigfari kam babu ranar barinsa. Sai dai ɗan uwa imani da ƙaddara bai hana riƙo da sababi ba. Ai mun san abin da aka ce wa mai raƙumi, ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Kuma ka duba Annabi Yusuf alaihis salam, da aka sanar da shi shekara bakwai na fari suna tafe ai cewa ya yi a yi noma a adana hatsin a cikin zangarniyarsa. Wannan shi ne tanadin gari. Wanda ya toshe hanyar ruwa da gini ruwan ya shiga gidan maƙwabcinsa, haƙƙi ne a wuyansa, ba zai ce ƙaddara ba.

Abu_Sudais:
Na karɓa Malam. Ban ce kar a yi tanadi ba.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ni leda nake so a yi magana a kanta. Duk wanda ya taɓa tsayawa ana yashe kwata ya san abin da ake fitowa da shi, ledar fiya wata ce da baƙar leda da robar lemo, an cakuɗe da yashi ya zama kamar katifa. A layinmu da zarar an fara yayyafi sai ka ga yara sun fito da kwandunan shara suna juyewa a lambatu wai ruwa ya tafi da ita, kuma iyayensu ne suka aiko su. Ina ruwan zai kai ta? Gidan na ƙasa da kai. Ruwanda tun 2008 suka hana leda, kuma Asabar ɗin ƙarshen wata kowa yake fitowa aikin gayya har da manyansu. Mu ma muna da tsaftar muhalli ta ƙarshen wata amma barci ake yi har ƙarfe goma a buɗe hanya.

Kwamared_Rigasa:
Hajiya da girmamawa, kullum talaka ake ɗora wa laifi. Matar da ta aiki yaro ya zubar da shara a kwata, ina kike so ta kai? Bolar unguwa an sayar an gina, motar kwasar shara ba ta shigowa lungu, mai baro kuma kuɗi yake so kullum. Haka masu cewa me ya kai mutane gini a bakin kogi. Waye yake son ya kwana da fargaba? Fili a kan tudu ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi, sai ya tafi inda kuɗinsa ya kai, awon igiya a cikin fadama, babu titi babu magudana. Kuma wanda ya yanka filin ya sayar masa ya san hanyar ruwa ce. In za a yi rusau a fara da manyan gine-ginen da aka ɗora a kan magudanai, sannan a zo kan talaka da wurin da za a mayar da shi a hannu.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ban musa maka ba ɗana, amma ko an kawo mota ƙofar gida in hali bai canza ba aikin banza ne. Biyun ake so.

Dan_Gwange:
Kwamared ka taɓo inda yake min ciwo. Gidan da nake ciki na gado ne, bayan ruwan ya janye mutane da yawa sun ce min in tashi. In tafi ina? Na sayar wa wa, bayan kowa ya ga inda ruwa ya tsaya a jikin bango? Har yau layin yana nan sama da taga, ban shafe shi da fenti ba.

Bamaradiya:
Sannunku 'yan uwa na Najeriya, mu ma nan Nijar damanar 2024 ba mu taɓa ganin irinta ba. Sama da mutum 300 sunka rasu a ƙasar, waɗanda abin ya shafa sun hi miliyan guda, Maraɗi na cikin inda ya hi muni. Tsohon masallacin Damagaram na ƙasa wanda ya kai kusan shekara ɗari biyu ya faɗi. Har komawa lakwal sai da aka ɗaga zuwa ƙarshen Oktoba saboda mutane na zaune cikin azuzuwa. Wanga shi ne abin da nike so ku lura da shi, duk sanda ruwa ya ci gari makaranta aka nufa, to don mi ba za a gina makarantun tun farko da sanin haka ba? A kan tudu, da makewayi isassu, da rijiya da sola.

Sannan zancen icce. A karkarar Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980 manoma sunka koma barin kututturen gawo da sauran itatuwa su tohu cikin gona suna yi musu sassabe maimakon su tumɓuke, yanzu ana zancen hekta wajen miliyan 5 da sunka farfaɗo. Ba wani babban kuɗi aka kashe ba. Amma cikin gari sai ka ga an sare bedi mai shekara arba'in don a yi shago.

Sadiya_Kurna:
Yaya Bamaradiya mene ne bedi?

Bamaradiya:
Shi ne ku ke ce ma darbejiya ko maina, wasu su ce dogon yaro.

Likitan_Unguwa:
Maganar makaranta da ta kawo ita ce ta sa na shigo. Ni ma'aikacin lafiya ne kuma na yi aikin sa kai a ɗaya daga cikin wuraren da aka tsugunar da mutane a Maiduguri. Abin da mutane ba sa gani a hoto shi ne ranar da ruwa ya janye ba ranar sauƙi ba ce. Masai ya cika ya haɗu da rijiyoyi, dubban mutane na bin bayi huɗu ko biyar, mata na riƙe fitsari tun safe har dare don kunya. Ba a yi wata guda ba aka ayyana ɓarkewar kwalara a Borno, farkon Oktoba. Na ga wata tsohuwa mai ciwon suga da maganinta ya tafi da ruwa, kwana huɗu ba ta sha ba, ba ta ma san sunan maganin ba sai kalar kwalinsa. Asibitin koyarwa kansa da ya kamata a kai irinta ruwa ya shiga ya lalata na'urori.

Bangaladash sun koyi wannan darasin da tsada. Guguwar 1970 ta kashe musu mutum wajen dubu 300, ta 1991 kusan dubu 140. Daga baya suka gina dubban mafaka a kan dogayen ginshiƙai, a ranakun lafiya makarantu ne yara na karatu, sannan suka horar da 'yan sa kai a ƙauyuka masu zagayawa da lasifika. Yanzu guguwa mai ƙarfi takan zo ta wuce mutuwar ba ta kai ko kusa da ta da ba. Kuma ba ƙasa ce mai arziki ba.

Dan_Gwange:
Likita lasifikar nan ita ce. Wallahi da an yi shela a masallatan unguwa tun bayan isha'i cewa kowa ya kwashe yara ya nufi wuri kaza, da ba mu fita cikin duhu ba. An yi ta jita-jitar ruwa na ƙaruwa kwanaki kafin nan, wasu unguwannin ma ya riga ya fara shiga, amma babu wanda ya zo ya ce mana ku tashi yau, ku bi ta nan.

Aminu_Sola:
Hasashe ai ana yi, duk shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar kula da koguna suna fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Matsalar da Turanci yake fitowa a Abuja, kafin ya iso wajen bulama ko mai unguwa ya mutu a hanya.

Amma bari in dawo da ku ɗaya ɓangaren tambayar, wato wuta. Ku tuna Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna sannan ɗaya layin da ke biyowa ta Benuwai ya samu matsala, yawancin Arewa ta yi fiye da mako cikin duhu. Masu ƙanƙara, masu walda, masu niƙa, injinan casar shinkafa duk suka tsaya. Nijar ma da Najeriya ta yanke mata wuta bayan juyin mulkin Yulin 2023 haka Yamai ta sha wahala, don a lokacin wajen kashi 70 na wutarsu daga nan take zuwa, tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ta ɗan rage musu zafi. Garin da duk wutarsa ta waya ɗaya take zuwa, mutum biyar da zarto sun isa su kashe shi. Ba cewa nake kowane gida ya sayi sola ba don na san kuɗin batir, amma burtsatsen unguwa da ƙaramin asibiti da firjin allurar rigakafi, waɗannan ukun bai kamata su dogara da layin ƙasa ba. Famfon sola ma ba ya buƙatar batir, da rana ya cika tanki shi kenan.

Baffa_Sumaila:
Aminu kai da ma sana'arka ce. Ka faɗa musu kuma ana sace faranten.

Aminu_Sola:
Ana sacewa Baffa, ba zan ɓoye ba. Inda na ga ya ɗore shi ne inda mutanen unguwa suka sa kuɗinsu a ciki, suka naɗa mai kula, ana karɓar ɗan abu a kan kowace jarka ana ajiyewa don gyara. Wanda aka kawo kyauta aka ɗauki hoto aka tafi, wata shida ya mutu.

ZangoBoy_Nima:
Salam daga Ankara ta ƙasar Ghana. Mu nan ba ma manta 3 ga Yuni 2015, ruwa ya cika shataletalen Circle da ke cikin gari mutane suka fake a gidan mai, mai ya bi ruwa wuta ta kama, sama da mutum 150 suka tafi a dare ɗaya. Bayan nan an yi ta yashe kogin Odaw an yi rusau, amma har yau in an yi ruwa mai ƙarfi sai gabanmu ya faɗi. Ana aikin ne in an mutu, in an kwana biyu a manta.

Inna_Falmata:
Ni tsohuwa ce jikata ke rubuta min. Ina so in ce wa Dan_Gwange, ɗana ka tuna su waye suka fara zuwa. Kafin jirgin sojoji ya iso layinmu yaran unguwa ne suka zo da kwalekwale da tayoyin mota da igiya, su suka sauko da ni daga kan rufi. Sun san gidan da akwai tsoho, sun san gidan da akwai mai jego, ba su tambayi kowa ba. Kwana uku kuma abincin da muka ci daga gidajen mutanen da ruwa bai kai musu ba ya fito, mata suka ɗora manyan tukwane. Yanzu sababbin unguwanni kowa ya ja katanga ya sa get bai san sunan na kusa da shi ba, ina jin tsoron ranar da abu zai same su.

Ummu_Hanifa:
Allah ya ƙara lafiya Inna. Mu a Kano lokacin kullen korona a 2020 haka muka rayu, kwano na zagayawa ta kan katanga.

Kwamared_Rigasa:
Inna ta yi gaskiya, amma ina roƙo kar wannan ya zama hujjar da hukuma za ta naɗe hannu ta ce ai jama'a na taimakon juna. Yaran unguwa ba za su iya gyara dam ba, ba za su iya yashe kogin Hadeja da kacalla ta toshe ba, ba za su hana a ba da takardar fili a kan hanyar ruwa ba. Kowa da nasa.

InjiniyaTukur:
Haka ne Kwamared. Kuma gyara ba ya farin jini wajen masu mulki don ba a yanka masa kyalle, gadar sama ana ganinta, magudanar da aka yashe kuwa ba wanda zai san an yi sai ranar da ruwa bai shiga gida ba. Ni da za a tambaye ni, kafin sabon aiki a fara zana taswirar duk kududdufin da ya rage da duk hanyar ruwa a kafa doka ba mai taɓa su, a dasa itatuwa a gefensu.

Sadiya_Kurna:
Injiniya kududdufin fa shi ne gidan sauro, kuma yara na faɗawa. Na bayan gidanmu da aka cike wallahi murna muka yi.

InjiniyaTukur:
Na fahimce ki ƙanwata, wanda aka mayar bola dole ya zama haka. A kewaye shi, a hana zuba shara da ruwan masai, a zuba kifi su cinye tsutsar sauron. Amma ki faɗa min, tun da aka cike shi ina ruwan layinku yake tafiya?

Sadiya_Kurna:
Gidajen da ke ƙasa da mu yake shiga, bara har katangar mutum biyu ta faɗi. Ban taɓa haɗa abin da cike kududdufin ba sai yanzu.

Dan_Gwange:
Na gode muku duka, ban zaci za a yi nisa haka ba. Dam da filaye ba a hannuna suke ba, sai dai mu ci gaba da magana har a ji. Amma jiya bayan magariba na samu bulamanmu da limamin masallacin layinmu na karanta musu wasu daga cikin amsoshin nan. Mun ce ranar Juma'a za mu zauna da matasa mu rubuta gidajen da ke da tsofaffi da marasa lafiya da masu ciki, mu tsayar da wurin da za a nufa da hanyar da za a bi, liman kuma ya yarda a yi shela da lasifikar masallaci ko ƙarfe nawa ne. Takardunmu da suka rage na saka su a leda biyu na rataye a saman ƙofa. Abin da ban sani ba shi ne wa zai dinga sanar da mu in ruwa ya fara hawa a can sama, don kar mu tashi mutane a banza sau biyu su daina yarda da mu.

Likitan_Unguwa:
Ku ƙara da sunayen magungunan masu suga da hawan jini a cikin rubutun, da gishirin haɗi na gudawa ko kwali ɗaya ne a ajiye a masallaci.

Aminu_Sola:
Lasifikar masallacin naku da wutar layi take aiki ko tana da batir? Don daren da za a buƙace ta da wuya a samu wuta.

Dan_Gwange:
Da janareto ne, kuma a ƙasa yake ajiye a bayan masallaci, wancan karon ma ruwa ya cinye shi. Aminu nawa ƙaramin batir da faranti ɗaya zai kama, wanda zai riƙe lasifika kawai da cajin waya kamar goma? Ka turo min ta akwatin saƙo in kai wa kwamiti ranar Juma'a.